Zafi da Iska a Cikin Akwatin Kwamfuta

Kwamfutar tebur, watau irin wadda a ke girkewa wuri ɗaya a ofis ko a ɗakin karatu, tana da akwati na ƙarfe wanda ya ƙunshi dukan kayan aikinta. Galibin mutane sun ɗauka amfanin akwatin nan shi ne ya tsare kayan daga bugu da zubewar ruwa da hannun yara. Haka ne, amma yana da wani aiki wanda ya fi wannan nauyi, shi ne ya zama hanyar da iska za ta bi ta shiga, ta ɗauki zafi, ta fita da shi. In hanyar nan ta toshe, kwamfuta ta kan yi nawa wajen aiki, ta yi ta gurnani, ta riƙa ɗaukewa ana tsakiyar rubutu, daga baya kuma kayan da aka sa kuɗi mai yawa aka saya su mutu tun kwanansu bai kai ba. Makarantar da ta yi shekaru tana roƙo kafin ta sami kwamfuta ashirin ta san ciwon wannan.

Tun da fari akwai wata kalma da ya kamata a daidaita. A kan ce fanka tana ba kwamfuta sanyi. Maganar ta riga ta zauna a baki, ba mai iya tumɓuke ta, amma malamin da ke koya wa malamai ya wajaba ya san tana ɓad da ɗalibi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi ko kaɗan. Babban abin da ya sa mutum ya ke jin sanyi in ya zauna gabanta da rana shi ne jikinsa yana da gumi, iskar da ta ke kaɗawa tana busar da gumin, shi kuwa ruwa duk sa'ad da ya ke bushewa ya kan tafi da zafin abin da ya ke kai. Haka randa ta ke sanyaya ruwan cikinta, ta wurin tsatsafowar da ta ke yi. A kan wannan ne kuma Muhammad Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Kwamfuta ba ta da gumi, ba ta kuma tsatsafowa. Iyakar abin da fanka ta ke yi mata shi ne ta kawar da iskar da ta yi zafi, ta kawo wata madadinta. Ko an jera mata fanka goma, ba za su saukar da zafinta ƙasa da na iskar ɗakin ba, ko da digiri ɗaya.

To, daga ina zafin ya ke fitowa? Tun wajen 1840 James Joule, wani masani a Ingila, ya nuna cewa lantarki in yana bin waya ya kan haifar da zafi, ya kuma auna yawansa. Da sunansa a ke kiran ma'aunin, a ce jul, wat ɗaya kuwa shi ne jul ɗaya a kowace daƙiƙa. Kwamfuta ba ta ɗaga kaya, ba ta niƙa hatsi, saboda haka kusan dukan wutar da ta sha zafi ta ke komawa. Wadda ke shan wat 300 tana fitar da zafin wat 300, watau kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da dutsen guga na lantarki ya ke fitarwa, ita kuwa ba ta hutawa muddin tana cikin aiki mai nauyi.

Da can abin bai kai haka ba. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 gidan wutarta, watau ɗan akwatin da ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa sauran kaya, iyakarsa wat 63.5. Fanka ɗaya tak gare ta, a cikin gidan wutar. Shi kuwa guntun da ke yin lissafi, wanda masu gyara ke kira furosesa, a tsirara ya ke zaune, ba a ɗora masa kome ba. Zuwa 2004 wasu furosesa na Pentium 4 sun kai wat 115 su kaɗai. A 2022 kamfanin Nvidia ya fitar da katin hoto, RTX 4090, wanda a ke lissafa masa wat 450. Ko da ya ke kwamfutar ofis ta yau da kullum ba ta kusanci wannan ba, sau da yawa ma ba ta kai wat 100, amma dai an ga inda al'amari ya dosa. Zafi ya yi ta ninkuwa, akwati kuwa bai ƙara wani girman kirki ba.

Zafin nan tafiya ya ke yi zango-zango kamar ayari. Yana tasowa daga wani ɗan falle wanda bai fi faɗin farce ɗaya ko biyu ba a tsakiyar furosesa, ya hau murfinta na ƙarfe, daga nan ya shiga abin da aka ɗora a kanta don ya zuƙe shi. Wannan za a kira shi mazuƙin zafi. Gindinsa tubali ne na jan ƙarfe ko alminiyum, samansa kuwa ganyaye ne na ƙarfe sirara masu yawa, an jera su kusa da juna. Daga ganyayen zafi ya ke shiga iska, iska ta fitar da shi daga akwati zuwa ɗaki, daga ɗaki kuma zuwa waje. Duk zangon da ya fi wuya a cikin waɗannan, shi ke riƙe ayarin gaba ɗaya, kome kyaun sauran.

Dalilin da ya sa a ke wahala da ƙarfe shi ne abubuwa sun bambanta ƙwarai wajen barin zafi ya ratsa su. A ma'aunin da masana ke aiki da shi, jan ƙarfe yana da wajen 400, alminiyum wajen 235, iska kuwa 0.026. Watau jan ƙarfe ya fi iska sau dubu goma sha biyar. Iskar da ke tsaye cik ba ta wucewa da zafi, tsare shi ta ke yi, shi ya sa bargo ke ɗumama mutum, gama abin da ke cikin gashinsa iska ce da aka hana motsi. Wannan shi ne abin mamaki game da iska: in tana tafiya ita ce mai kwashe zafi, in ta tsaya ita ce bargo.

Don haka ne a ke shafa wani mai mai kauri, ruwan toka, tsakanin furosesa da mazuƙin zafi. Fuskokin ƙarfen biyu, kome sulɓinsu a ido, suna da ƙananan ramuka, iska kuwa ta kan maƙale a ciki. Aikin man shi ne ya cike ramukan ya kori iskar, ba wani abu ba. Wasu sun so su kira shi man zafi, amma sunan nan ya riga ya zama na abin da a ke shafa wa mai ciwon jiki, ɗalibi kuwa ba a rasa mai ɗaukar magana a yadda ya ji ta. Man cikewa ya fi dacewa, tun da ya faɗi aikinsa. Kaɗan a ke sawa, kamar ƙwayar wake a tsakiya, matsi ya baje shi. Man bai kai ƙarfe wucewa da zafi ba ko kusa, saboda haka lafta shi ba ya ƙara kome. Bayan shekaru ya kan bushe ya tsattsage, sa'an nan sai a goge a sa sabo.

A cikin mazuƙan zafi na zamani a kan ga wasu bututu na jan ƙarfe sun taso daga gindi sun ratsa ganyaye. Ba sanduna ba ne, cikinsu rami ne, an zuƙe iskarsa, an sa ɗan ruwa kaɗan, an toshe. Da ya ke babu matsin iska a ciki, ruwan ya kan tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya gudu zuwa ƙarshen da ya fi sanyi, ya koma ruwa, ya bar zafinsa can, sa'an nan ya biyo wani shafi mai kamar lagwani da ke bangon bututun ya dawo gindi. George Grover ne ya fitar da dabarar sosai a Los Alamos ta Amurka a 1963. A nan kam an koma ga hikimar randa, sai dai ruwan ba ya salwanta, zagayawa ya ke yi.

Amma duk wannan aiki bai wuce kai zafi bakin ganyaye ba. Sauran na iska ne, a nan kuwa lissafi ya fi dogon bayani. Lita ɗaya ta iska tana ɗaukar kimanin jul 1.2 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. In an yarda iskar da ke fita daga akwati ta fi wadda ke shiga zafi da digiri 10, kowace lita za ta tafi da jul 12. Kwamfuta mai wat 300 tana zubo jul 300 a daƙiƙa. A raba 300 da 12, ya ba da 25. Watau lalle ne lita 25 ta iska, cikin babbar jarka guda ke nan, ta ratsa akwatin a kowace daƙiƙa. Matsakaicin akwati bai fi cin jarka biyu ba, saboda haka iskar cikinsa dole ta sake gaba ɗaya duk bayan daƙiƙa biyu. In iskar da ke ratsawa ta ragu da rabi, bambancin ya zama digiri 20, in ta ƙara raguwa da rabi ya zama 40. Wannan lissafi ɗalibin da ya iya rabawa zai iya yinsa a allo, ya kuwa fi masa amfani bisa haddace sunayen kaya.

Fanka mai faɗin milimita 120, wadda ita ce aka fi samu, tana iya tura wajen wannan adadi in tana gudu sosai a sarari. Amma lambar da a ke rubutawa a kwalinta ta sarari ce. Da zarar an sa raga ko rariya ko ganyayen ƙarfe a gabanta, abin da ta ke turawa ya ragu da yawa. Shi ya sa a ke sa biyu ko uku. Babba kuma ta fi ƙarama, gama mai milimita 140 tana tura iskar da mai 80 ke turawa alhali tana juyawa a hankali, ba ƙara.

Abin da ya fi yawan fanka muhimmanci shi ne hanya. Duk wanda ya taɓa zama a zaure da bazara ya san dalilin da ya sa dattawa ke son wurin: ƙofa biyu gare shi, iska ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Ɗaki mai ƙofa ɗaya kuwa, ko an yi ta fifita a ciki, iskar nan dai a ke juyawa. Haka akwati ya ke. Tsarin da aka saba shi ne iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta bi ta kan katin hoto da furosesa, ta fita ta baya da sama. Gaskiya ne iska mai zafi ta kan tashi sama da kanta, amma ƙarfin tashin nan ƙanƙane ne, fanka ɗaya ta fi shi nesa. Ana bin sa ne don babu amfanin yin gardama da shi.

Kurakuran da a ke yi a nan sanannu ne. Wani ya kan ɗaura fanka a juye, ta gaba tana fitarwa ta baya ma tana fitarwa, ko kuwa duka suna hurawa ciki. Gane fuskar fanka ba wuya: galibi iska tana fita ta gefen da ke da sandunan da su ke riƙe da injinta, da yawa kuma suna da kibiya a gefe. Wani kuma ya kan sa mai fitarwa a sama can gaba, dab da mai shigarwa, sai ta riƙa sace iskar tun ba ta taɓa kome ba. Fanka tana gudu, ƙara tana tashi, furosesa tana can tana ƙuna. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai kuma akwatunan da aka rufe gabansu da gilashi don ƙawa, aka bar 'yan tsagogi a gefe. Suna da kyaun gani, amma fankar da ke manne da gilashi ba ta da inda za ta zuƙo, mai raga a gaba ya fi su ko ba shi da ado. Maganar wayoyi kuwa an cika zuzuta ta. A zamanin faffaɗan wayoyi masu kamar ɗamara sun tare iska da gaske, amma sirara na yanzu, in ba su shiga fukafukan fanka ba, ɓarnarsu kaɗan ce.

Su kansu masu ƙira sun yi ta gwaji a kan hanyar nan. A 1995 kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda har yau shi a ke bi wajen jera kaya a yawancin akwatuna. Da fari an so fankar gidan wuta ta zuƙo iska daga waje ta hura wa furosesa. Aka ga iskar ta riga ta ɗumama a gidan wuta kafin ta iso, sai aka juya ta ta koma fitarwa. A 2004 Intel ya sake kawo wani tsari, BTX, wanda ya jera kaya masu zafi a layi ɗaya daga gaba zuwa baya, amma a 2006 aka daina ci gaba da shi, don sababbin furosesa sun rage shan wuta, masu ƙira kuma ba su karɓe shi ba. A yawancin manyan akwatunan yanzu gidan wuta a ƙasa ya ke, yana zuƙo tasa iskar ta ƙarƙashi. Wanda ya ajiye irin wannan a kan darduma mai gashi ya toshe masa hanci.

Sai maganar ƙura, wadda a ƙasar Hausa ba ƙaramar magana ba ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta baza ta a kan kome. Akwatin da ke zuƙar jarka guda ta iska a daƙiƙa yana zuƙar rabonsa. Ƙurar ta kan kwanta a ganyayen mazuƙin zafi ta zama bargo, ta haɗu da zaren tufafi ta toshe tsakaninsu, in damina ta zo da laima kuma ta daskare. Maganinta na fari shi ne a sa masu shigarwa su ɗan rinjayi masu fitarwa, misali biyu a gaba ɗaya a baya, a kuma sa rariya gaban masu shigarwa. In an yi haka iskar da ta yi saura ta kan tsiyaye waje ta kowace kafa, ƙura ba ta samun shiga sai ta rariya. In kuwa masu fitarwa ne su ka rinjaya, akwati ya kan zuƙo iska ta kowane tsagi, har ta ramukan da a ke soka waya, inda ba rariya. Ita rariyar ba ta tare ƙura mafi laushi, tana kuma rage iska, in ta cika ma ta zama bango. Wanda ba zai riƙa cire ta yana kakkaɓewa ba, kusan gara bai sa ba.

Akwai wata al'ada a ofisoshi ta lulluɓe kwamfuta da mayafi don ƙura. Abu ne mai kyau da dare, in an kashe ta. A bar mayafin a kai tana aiki kuwa, an tsare ta daga ƙura an miƙa ta ga zafi, wanda ya fi ƙura saurin ɓarna. Haka nan cusa ta cikin kabad ɗin tebur a rufe, ko manna bayanta da bango, don iskar da ta fitar ita za ta sake zuƙa. A bar mata aƙalla taƙi guda ta baya, a ɗaga ta daga ƙasa.

Zafin ɗaki shi ne tushen da kome ya ke hawa a kai. A ce mazuƙin zafi yana riƙe furosesa digiri 55 sama da iskar da ke shigowa. A ɗaki mai digiri 22 za ta tsaya a 77, lafiya lau. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi cikin Afrilu, sa'ad da zafi ke kai 40, ita wannan kwamfuta da aikin nan za ta kai 95. Yawancin furosesa na yanzu iyakarsu tsakanin 95 da 100 ce. In sun kai nan su kan rage gudu da kansu, in abin ya ƙi su kashe kansu. Saboda haka ba safai su ke ƙonewa ba, sai dai mai aiki ya ga kwamfuta ta yi nauyi da azahar, ya ɗora laifin a kan tsufa ko ƙwayar cuta. Waɗanda ke cutuwa a ɓoye su ne ƙananan kaya, kamar kafasita masu ruwa a ciki, waɗanda ƙa'idar masu ƙira ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage kwanansu da rabi. Shawarar da aka rubuta don ɗakunan Turai dole a ƙara mata a nan. Ɗakin da ke da kwamfuta 30, kowace tana shan wat 100, daidai ya ke da wanda aka kunna dutsen guga uku a ciki aka bari. In ba na'urar sanyaya ɗaki, rufe tagogi don ƙura ya mai da ɗakin kansa akwati mara mafita.

Masu sanyayawa da ruwa ba su kuɓuta daga wannan ba. Ruwan yana kai zafi ne ga lagireto irin na mota, fanka kuma ta hura shi cikin iskar ɗaki.

Kafin a sayi kome, ya kamata a gano zangon da ke da matsala. Kwamfuta tana auna zafin kanta, a kan gani a shafin saiti da ke bayyana kafin ta gama tashi, ko ta wata manhaja. A ba ta aiki mai nauyi na minti goma ko sha biyar, a rubuta zafinta da na ɗakin, gama bambancin da ke tsakani shi ne abin dubawa. Sa'an nan a cire murfin gefe a sake. In zafi ya faɗi da yawa, laifin na hanyar iska ne a akwati. In bai motsa ba, a duba mazuƙin zafi, ko ya toshe, ko bai zauna daidai ba, ko man cikewa ya bushe. Don ganin inda iska ta ke bi, tsinken turare ya isa: a riƙe shi a waje kusa da kowace kafa, hayaƙi zai nuna ko shiga ta ke yi ko fita. Bayan gwaji a mai da murfin, gama akwatin da aka bari a buɗe ya rasa hanyarsa, ƙura da ƙwari kuma sun sami ƙofa. Fankar da ta soma ƙara ba yadda ta saba ba ita ma a duba ta, ruwa ba ya tsami banza.

Wajen shara, a kashe, a zare waya daga bango, a fitar da akwati waje. A hura da na'urar hura iska, ba da baki ba, saboda yawu. A riƙe fukafukan fanka da yatsa yayin hurawa, don in ta yi gudun da ya wuce nata ta kan lalace. Abin da ya ƙi fita a bi shi da burushi mai laushi. Da hunturu kuma a yi hattara da lantarkin da ke taruwa a jiki saboda bushewar iska, irin wanda ke yin ƙyas in mutum ya tuɓe riga da dare, gama wanda bai isa mutum ya ji shi ba ma yana iya kashe guntun kwamfuta. A taɓa ƙarfen akwati tukuna kafin a taɓa abin da ke ciki. Gidan wuta kuwa a hura shi daga waje kaɗai, kada a kwance shi, don kafasitocinsa su kan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.